Masallacin Ƙasa Na Larabanga, Da Abin Da Ya Koya Mana

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Yawancin mutanen zangonmu sun san masallacin Larabanga a hoto, wasu a jikin kalanda, wasu a littattafan 'yan makarantar boko. Dattawa kuwa sun san shi a bayan takardar kuɗi ta sidi 5 wadda a ke kashewa cikin shekarun 1970. Amma waɗanda suka taka ƙafarsu suka je, suka yi sallah a cikinsa, ba su da yawa. Don haka muka ga ya kamata mu ba 'yan'uwa labarin tafiyar da muka yi zuwa can, da abin da idonmu ya gani, da kuma tunanin da ya biyo mu har gida. Gama maganar ba ta tsaya ga Larabanga kaɗai ba, ta shafi kowane zango da ke da tsohon gini ko tsohon kundi.

Hanyar Gwanja

Mun tashi daga Kumasi bayan sallar asuba, cikin rani, lokacin da almajirai ke hutu. Mota ta bi da mu ta Ofinso har Tachiman, garin babbar kasuwa, inda doya ke tsibi-tsibi a bakin hanya. Daga nan ƙasa ta fara sake kama. Kurmi ya yi ta raguwa, dogayen itatuwa suka ba da wuri, sai ga kaɗanya da ɗorawa, can kuma sai ga kuka. Duk wanda ya taɓa jin kakansa yana kwatanta dajin Arewa, idan ya wuce Kintampo zai ga abin da tsoho ke nufi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, da jakunansu da madugansu, suna kawo kanwa da turkuɗi da kayan fata, tafiyar watanni. Babbar kasuwarsu Salaga ce. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, cinikin goro ya fara karkata zuwa Kintampo da wasu garuruwa. Sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, jama'arta suka bazu, wasu Karaci, wasu Kumasi, wasu har bakin teku. Zangogi da yawa a ƙasar nan daga wannan watsewa suka sami cika. Saboda haka in mun nufi Gwanja, sawun iyayenmu mu ke bi.

A Buipe muka ƙetare gadar kogin Bolta. Kusa da nan, a tsohon garin Buipe, kabarin Ndewura Jakpa ya ke, watau jarumin da Gwanjawa ke ambata a kan shi ya kafa musu mulki. A Buipe kuma akwai masana'antar siminti. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu komo kan maganar siminti nan gaba. Da muka kai mararrabar Fufulso sai muka bar hanyar Tamale muka karya yamma. Hanyar nan da ta haɗa Fufulso da Sawla, mai tsawon kilomita 147, an gama zuba mata kwalta a 2015, kafin nan kuwa matafiya sun sha ƙura da gargada. Muka isa Damango, mazaunin Yagbonwura, babban sarkin Gwanja, kuma hedkwatar jihar Sabana wadda aka kafa a 2019. Daga Damango zuwa Larabanga kamar kilomita 15 ne. Kusa da garin kuma ƙofar gandun dajin Mole ta ke, inda masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon giwaye.

Garin Da Mutanensa

Larabanga ƙaramin gari ne, mutanensa Musulmi ne, ana kiransu Kamara, suna da yarensu. Bahaushe in ya ji sunan garin kunnensa zai kama kalmar Larabawa, su ma mazauna wurin haka su ke fassara shi, wai garin Larabawa. Tsofaffin gidajensu soraye ne na ƙasa masu shimfiɗaɗɗen rufi, a kan hau sama da tsani na gungumen icce wanda aka sassaƙa masa matakai. A can sama a ke shanya hatsi, a can kuma a ke kwana in zafi ya tsananta. Amma rufin kwano da bulo na siminti sun shigo, kamar ko'ina.

Muka yi abin da ya kamaci baƙo, muka fara neman dattawan masallaci muka gaishe su. Da suka ji malaman makaranta ne daga Kumasi, suka yi mana maraba, aka kawo ruwa. Wanda ke jin Hausa a cikinsu ya zama tafinta, ko da ya ke kusan kowa yana tsintar kaɗan, gama Hausa ta daɗe tana yawo a kasuwannin Arewa.

Siffar Masallacin

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙanƙantarsa. A hoto sai ka ce wani ƙaton gini ne, ashe tsawonsa da faɗinsa kamar mita 8 ne kowanne. Amma kwarjini ba a girma ya ke ba. Fari ne fat, an shafe shi da farar ƙasa, gindinsa kuma an zagaya shi da baƙi. Yana da hasumiya biyu masu siffar dala, faɗi a ƙasa, tsini a sama. Ɗaya tana gabas, ita ce ta rufe mihirabi inda liman ke tsayawa, ɗayar tana kusurwar arewa maso gabas, ita ce ta ladan. Kewaye da bango akwai madogarai 12, watau ginshiƙan da aka manna a waje su tallafi bango, kowanne ya zarce rufi ya ƙare da tsini, kamar an jera mazaje sanye da fararen riguna sun yi sahu. Tsakanin madogari da madogari an gitta itatuwa, a jikin hasumiya kuma sanduna sun leƙo waje birjik.

Ƙofofinsa huɗu ne, kuma kowace da masu ita: ta sarkin gari, ta maza, ta mata, ta ladan. Gajeru ne ƙwarai, dole mutum ya sunkuya kafin ya shiga, ko sarki ne ko talaka. A saman ƙofa an huda ƙananan tagogi masu kusurwa uku, su ne ke shigo da ɗan haske da iska, su ne kuma ado. Da muka shiga sai da muka tsaya idonmu ya saba da duhu. A waje rana na ƙuna, a ciki kuwa sanyi kamar an zauna kusa da randa. Ginshiƙai masu kauri sun raba ɗakin, sahu ya zama siriri, rufi kuwa itatuwa ne aka jera aka danne da ƙasa. Muka yi sallar la'asar a nan tare da jama'ar gari. Ba kafet mai tsada, ba fanka, ba fitila mai walƙiya, amma ba mu rasa natsuwa ba.

Jikin masallacin akwai wata tsohuwar kuka, mutanen gari sun ce a gindinta aka binne wanda ya kafa wurin.

Su Wa Suka Gina Shi, Kuma Yaushe?

A nan sai mu rarrabe tsakanin abin da a ke faɗa da baki da abin da masu bincike suka gano, kamar yadda malamai ke rarrabe ruwaya da ruwaya. Mutanen gari suna cewa an gina shi a 1421. Labarinsu shi ne wani falke mai suna Ayuba ya kwana a wurin, ya yi mafarki an umurce shi da gina masallaci, da gari ya waye ya tarar an riga an kafa harsashi, shi kuma ya ɗora. Suna kuma ambaton wani malami Ibrahim, wanda su ke kira Buraima, wai shi ne ya taimaki Jakpa da addu'a a yaƙe-yaƙensa, aka ba shi wannan wuri ya zauna. Masu binciken tarihi da yawa kuwa sun fi karkata ga ƙarni na 17, zamanin da mulkin Gwanja ya kafu. Ko wanne aka ɗauka, ana lissafa shi cikin mafiya tsufan masallatan ƙasar Gana.

Akwai kuma wani tsohon Alƙur'ani rubutun hannu da limaman garin ke gado, ba a fito da shi sai a ranakun da aka keɓe. Jama'a na cewa daga sama ya sauko wa limaminsu a 1650. A bayan gari kuma akwai wani dutse da a ke ba da labarin wai masu aikin hanya sun kawar da shi ya komo, har dole hanya ta kauce masa. Mun saurari waɗannan labaru da ladabi, kamar yadda ya kamaci baƙo. Mu dai a namu sani, mus'hafi alƙalami ke rubuta shi, da tawada, da hannun mahaddaci mai haƙuri. Kuma a ganinmu wannan bai rage masa daraja ba. Littafin da ya shekara ɗaruruwa a ƙasar gara da damina bai lalace ba, ai shaida ce ta cewa an yi zuriya bayan zuriya masu riƙon amana.

To, daga ina wannan salon gini ya zo? A nan sai mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa wasunmu daɗi ba: ba aikin Hausawa ba ne. Na Wangarawa ne, watau fataken Mande waɗanda suka riga kakanninmu shigowa wannan yanki. Su zinariya suka biyo, daga Jenne, suka gangaro kudu har Bego, tsohuwar kasuwa da ke yamma da Wenci a bakin kurmi. Bego ta mutu tun ƙarni na 18, sai a shekarun 1970 masana daga jami'ar Legon suka yi tono a kufanta. Duk inda Wangarawa suka yada zango sai sun kafa masallaci da makaranta, don haka masallatan nan suka jeru a kan hanyarsu kamar duwatsun tasbaha. Su ne kuma suka kawo rubutu. A tsakiyar ƙarni na 18 malaman Gwanja suka rubuta tarihin ƙasarsu da Larabci, littafin da a ke kira Kitabu Ganja.

Babban yayan waɗannan masallatai shi ne na Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, kuma ba masallacin ƙasa a duniya da ya kai shi girma. Na Larabanga ƙanensa ne, amma ya yi daidai da ƙasarsa. Ruwan sama a Gwanja ya fi na Jenne yawa, don haka magina suka yawaita madogarai, suka sa kowanne ya yi tsini don ruwa ya zurare. Itatuwan dajin nan kuma gajeru ne, ba za su ƙetare ɗaki mai faɗi ba, shi ya sa ginshiƙai suka yi yawa a ciki. Sandunan da suka leƙo waje kuwa ba don kyau kaɗai aka sa su ba. Suna ɗaure gini, suna rage tsagewa, sa'an nan su ne matakalar mai yaɓe in lokacin gyara ya zo. Ka ga maginin ya san gininsa zai bukaci hannu kowace shekara, sai ya bar wa jikokinsa tsani a jikin bango. Abin da baƙo ke gani ado ne, ashe wasiyya ce.

Ginin Hausa hanyarsa dabam ce. Maginin Kano ko na Zazzau tubali ya ke murzawa ya jera, ya ɓoye azara a cikin laka, ya ɗaura bakan gizo ya tada rufi mai daurin guga, har ɗaki ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Bangonsa na waje sumul ne, ya shafe shi da makuba, ya kafa zankwaye a kusurwa, adonsa kuwa zane ne a fuskar zaure. Gwanintarsa a ciki ta ke, ta Bawangare kuwa a waje. Wanda ya ga masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina cikin shekarun 1830, ya san abin da mu ke nufi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma laka ɗaya ce, alƙibla ɗaya.

Garin Neman Gira

Yanzu ga maganar siminti. Cikin shekarun 1970 aka shafe masallacin Larabanga da siminti da yashi. Niyya mai kyau ce, ana so a huta da yaɓen kowace shekara, a kuma kare bango daga ruwa. Amma ginin ƙasa numfashi ya ke yi. Da damina ya kan sha laima, in rana ta fito ya fitar da ita. Siminti kuwa ba ya barin kome ya fita. Bugu da ƙari, ƙasa ta kan kumbura ta motse gwargwadon yanayi, siminti ba ya binta, sai ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsaguwa ya shige, ya rasa hanyar fita, ya kwanta a ciki. Laka ta jiƙe, itatuwa suka ruɓe, gara ta sami gida. Daga waje gini na sheƙi, daga ciki yana mutuwa. Da aka shiga shekarun 2000 sai hadari mai ƙarfi ya kayar da wani sashe, har da hasumiya. Garin neman gira aka tasam ma rasa ido.

A 2002 wata ƙungiya ta Amurka mai kula da tsofaffin gine-gine, World Monuments Fund, ta sa shi cikin jerin wuraren da ke bakin halaka. Kamfanin American Express ya ba da dala 50,000. Hukumar kula da kayan tarihi ta Gana ta haɗa hannu da masanan ginin ƙasa na CRAterre daga Faransa, da maginan garin. Me suka yi? Ba wani sabon magani suka kawo daga Turai ba. Ɓamɓare simintin suka yi gaba ɗaya, suka sake itatuwan da suka ruɓe, suka tada abin da ya faɗi, suka mai da yaɓen laka irin na da. Watau da tsohuwar zuma aka yi magani. Babbar ribar aikin kuwa ita ce samari sun tsaya kusa da tsofaffin magina sun koyi sana'ar da ta kusa ɓacewa.

Wani dattijo da muka zauna da shi a inuwar kukar ya kwatanta mana yadda a ke yi in damina ta wuce. Mata su ɗebo ruwa, samari su kwaɓa laka da ƙafa, magina su hau sanduna su toshe tsaguwa, a gyara indararo, a sake shafa farar ƙasa. Muka ce, "Baba, wannan ai wahala ce kowace shekara." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai da ka hardace, ka daina tilawa ne don ka sauke?" Muka rasa ta cewa, gama ya kama mu da igiyarmu. Gini na ƙasa kamar hadda ya ke, in an bar bita sai ya zube.

'Yan'uwansa

Masallacin Larabanga ba shi kaɗai ba ne. A hanyar yamma, wadda ta tashi daga Wenci ta nufi Wa, akwai na Banda Nkwanta, da na Maluwe, da na Bole. Kusa da Wa akwai na Nakore, can gabas kuma wajen Garu akwai na Wuriyanga. A da sun fi haka yawa. Wasu ruwa ya ci, wasu kuwa mutane suka rushe da hannunsu don su gina na bulo. A watan Satumba na 2023 ruwan sama mai yawa ya kayar da babban sashe na tsohon masallacin Bole, labarin ya bazu har ƙasashen waje. Abin da ya tsaya shekaru masu yawa, damina ɗaya ta isa ta kai shi ƙasa in an yi sakaci.

Maƙwabtanmu na Kwaddibuwa suna da irin waɗannan masallatai a arewacin ƙasarsu, gama Wangarawa ba su san iyakar da Turawa suka shata daga baya ba. A 2021 hukumar UNESCO ta sa guda 8 daga cikinsu a jerin kayan gadon duniya, har da na Kong. A Nijar, birnin Agadas da doguwar hasumiyarsa ta ƙasa mai mita 27 ya shiga jerin a 2013. A nan Gana kuwa, tsofaffin gine-ginen ƙasa na Tonawa da ke kewayen Kumasi sun shiga tun 1980. Kowace al'umma na tattalin abin da ke nuna ta daɗe. Mu fa?

Abin Da Ya Shafe Mu

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko za su ce jama'a ta yi yawa, masallaci mai mita 8 ba zai ɗauki ko sahun yara ba. Gaskiya ne. Amma faɗaɗawa ba dole sai da rushewa ba. A Zariya, da aka tashi sabunta masallacin Juma'a cikin shekarun 1970, an bar babban ɗakin Babban Gwani a ciki, aka yi sabon gini ya lulluɓe shi. A garin Dandaji na Nijar, a 2018, an gina sabon masallaci da tubalin ƙasa wanda inji ya matse, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Jama'a sun sami wurin sallah, yara sun sami wurin littattafai, tsohon gini bai faɗi ba.

Na biyu za su ce ginin ƙasa alamar talauci ce. To, ku ji. A ƙauyen Yama da ke yankin Tawa a Nijar, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962. A 1986 ginin ya ci lambar Aga Khan, wadda manyan masu zanen gine-gine na duniya ke nema. Ba marmara, ba gilashi, sai laka da icce da basira. Talauci na gaskiya shi ne mutum ya rasa sanin darajar abin hannunsa.

Na uku, wasu malamai 'yan'uwanmu za su ji tsoron kada tattalin tsohon gini ya kai jahilai ga neman albarka a jikin bango ko dutse. Wannan tsoro a wurinsa ya ke, mu ma ba mu yarda a roƙi laka ba. Amma maganin jahilci koyarwa ne, ba gatari ba. Ba don tsarkin ƙasarsa mu ke son a kiyaye shi ba, sai don shaida. Ku tuna sau nawa aka kira mutumin zango baƙo a ƙasar da aka haifi kakansa. In yaronmu ya tsaya gaban masallacin Larabanga, ya san goshin Musulmi ya daɗe yana taɓa ƙasar nan, tun kafin a raɗa mata suna Gana a 1957. Wannan hujja ce da ba ta bukatar lauya.

Sa'an nan mu waiwayi gidajenmu. Mu a zangon Kumasi ba mu da hasumiya mai shekara ɗari uku, amma muna da namu gadon, kuma gara ba ta bambanta icce da takarda ba. A ɗakuna da yawa akwai adaka cike da kundin kaka: wasiƙun fatake da ajami, lissafin bashin goro, waƙoƙin wa'azi, mus'hafi mai jan wasali da zayyana a kowane hizbi, cikin gafaka ta jar fata wadda badukun da ya ɗinka ta ya daɗe da rasuwa. Akwai allon sauka mai zayyana. Akwai riga mai aska takwas wadda aka shekara ana yi mata aiki da allura. Akwai tasoshin tagulla da kwanukan jere na iyayenmu mata. In mai su ya rasu, magada da ba su iya karanta ajami ba su kan ɗauka tarkace ne, ko su ji tsoro su ce asiri ne, su ƙone ko su binne. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Karaci a 1934, ya rubuta tarihi da waƙoƙi da Larabci da ajami. Abin da ya tsira daga rubutunsa ya tsira ne domin almajirai sun kwafa, kuma cikin shekarun 1960 jami'ar Legon ta bi gari gari tana ɗaukar hoton littattafan malamai tana adanawa. To, na malaman da ba su yi suna ba fa, wa zai bi sawunsu?

Don haka muna kawo wa ƙungiya shawara huɗu, kuma ba wadda ta fi ƙarfinmu.

Ta farko, kowace unguwa ta zaɓi mutum biyu, dattijo da saurayi, su bi gida gida da izinin masu gida, su rubuta abin da ke akwai na tsofaffin littattafai da kayan hannu. Ba karɓewa za a yi ba, kowa ya riƙe kayansa. Saurayi ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, dattijo ya faɗi na wane ne, daga ina ya zo.

Ta biyu, a koya wa masu kundi yadda a ke ajiya. A ɗaga adaka daga ƙasa, a nisanta ta da bango mai laima, a naɗe takarda da farin ƙyalle mai tsabta, kada a ƙunshe ta a leda. Leda ga takarda kamar siminti ce ga laka, tana tsare gumi a ciki. Kada kuma a liƙe yagaggen shafi da salatif, gama yana cin tawada.

Ta uku, mu malaman makaranta mu ware ko da yini ɗaya a mako mu koya wa yara karatun ajami da rubutunsa, da feƙe alƙalami, da dafa tawada, da zayyana. Kundi ba mai karanta shi, da shi da babu duk ɗaya.

Ta huɗu, duk kwamitin masallacin da ya tashi rushe tsohon gini, ya dakata tukuna ya yi shawara, ya nemi masana. In babu makawa sai an rushe, to a auna shi, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a ajiye ƙofa ko mumbari ko wani abin tunawa, a rubuta sunayen waɗanda suka gina shi.

Wanda kuma Allah ya hore wa kuɗin mota, ya ɗauki iyalinsa ya kai su Larabanga, tafiyar yini guda ce daga Kumasi. Ya je da ladabi, ya gai da dattawa, in zai ba da gudummawar gyara ya miƙa ta ga shugabannin masallaci a bainar jama'a. Ya bar yaransa su sunkuya su shiga ta gajeriyar ƙofar nan, su ji sanyin da kakanni suka iya samarwa ba da lantarki ba.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Iyakar abin da muka gani ke nan, muka ga ya wajaba mu isar. Wanda ke da tsohon kundi a ɗaka, ko ya san inda wani ya ke, ya sanar da sakataren ƙungiya a taro mai zuwa. Allah ya jiƙan magabatanmu, magina da marubuta, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Amin. Wassalamu.